Katangata, Filin Faraj

Ranar da muka dawo daga ta'aziyyar Faraj kun ɗauka barci nake yi a bayan mota. Idona biyu. Tsufa ya rage mini gani, amma bai taɓa kunnena ba. Na ji babbanku yana cewa gidan nan na unguwar Kurayyat da muka fito, mai bene da shaguna a ƙasa, ai rabinsa namu ne, Baba ne ya fara gina shi, aka cinye shi don ba shi da takarda. Na ji autarku ta ce a nemi lauya. Lauya! Ke da ko iƙamarki, takardar zaman baƙo, sai an yi miki karo-karo kafin a sabunta. To ga shi zan rubuta muku yadda abin ya faru, don kada bayan raina ku je ku tsaya a ƙofar 'ya'yan mutumin nan ku ja mini zagi ina kwance a kabari. Kada kuma ku ɗauka don son Faraj nake wannan wahala. Mun zauna lafiya da shi har ya koma ga Allah, da hannuna na yi masa wanka, amma ban taɓa wucewa ta ƙofar gidansa wani abu bai soke ni a ƙirji ba. Sunan abin nan ƙyashi, kuma na tsufa da yawa da zan tsaya nema masa wani suna mai daɗin ji.

Sai na fara muku da kakarku, Inna, don ita ce tushen komai. Ta baro ƙasar Hausa da ni a goye, ita da mahaifina, da niyyar aikin Hajji. A ƙasa suka taho. A yada zango a Sudan, a tsinci auduga a gonakin mutane, a tara ɗan guzuri, a ƙara gaba. Kafin su kai bakin teku a Sawakin mahaifina ya rasu, ni kuma na yi wayon gudu da ƙafata. A zamanin nan hanyar tana cin yara. Idan guzurin matafiyi ya ƙare a bakin ruwa, sai ka ga wasu mutane masu fara'a sun zo suna cewa a ba su yaron nan su riƙe, su koya masa karatu, ga kuma ɗan abin da za a shiga jirgi. Wasu iyayen sun bayar don yunwa, wasu an sace musu. Inna da ɗankwalinta take ɗaure ƙafata da tata idan za mu kwanta. Ta sayar da murjaninta, ta sayar da tukunya, ta daka wa mutane hatsi har tafin hannunta ya tsage, ta haye da ni. Wannan shi ne abin alfaharinta a duniya, kuma ba ta bari a manta. Idan na ƙi zuwa aike sai ta ce, ni da ban sayar da kai a Sawakin ba. Idan na bar tuwo a kwano, haka. Na ji maganar nan fiye da yadda na ji sunana.

Kuskure ɗaya ta yi, irin wanda mutanenmu da yawa suka yi. Ina yaro mutanen umda, wato mai unguwa, suka bi gida-gida suna rubuta wanda yake son zama ɗan ƙasa. Inna ta ce musu mu baƙin Allah ne, ibada ta kawo mu, gida za mu koma. Gidan da ba ta ƙara gani ba ke nan. Haka na girma a unguwar Nuzla da Larabci a bakina kamar kowane ɗan Jidda, amma a takarda ni baƙo ne, kuma baƙo ba ya mallakar ƙasa ko taki ɗaya.

Na zama magini. Na iya dutsen teku irin na tsofaffin gidajen cikin gari, na iya bulo da siminti da suka shigo daga baya, har aka fara kirana Mu'allim Adamu. Lokacin, idan ka fita kudu da Nuzla, ba abin da za ka gani sai fili, ƙaya da awakin Larabawa makiyaya. Al'adar da ake yi ita ce sa hannu: ka zaɓi wurin da ba na kowa ba, ka kewaye shi da katanga, ka raya shi. Mai tabi'iyya, wato takardar ɗan ƙasa, daga baya yana iya zuwa kotu da shaidu biyu a rubuta masa sakki, takardar mallaka, wurin ya zama nasa har jikokinsa. Wanda ba shi da ita kuwa, katangarsa tana tsaye ne muddin hukuma ba ta waiwayo ba. Na san da haka sarai. Amma uwarku Rakiya tana da cikin babbanku, mu uku muna cunkushe a ɗakin haya na langa-langa wanda rana take mai da shi tanderu, kuma hannun nan nawa ya gina wa mutane gidaje ba iyaka. Na zaɓi wani ɗan tudu inda ruwan sama ba ya kwanciya. Duk inda na gama aiki sai in roƙi ragowar bulo, in ɗora a amalanken jaki. Idan na tashi aiki da la'asar can nake wucewa. Na ja igiya da kaina, na haƙa harsashi da kaina, na ɗora katanga miƙaƙƙiya wadda har yau ita ce ke riƙe da bayan benen da kuka gani. Na tayar da ɗaki ɗaya a kusurwa, saura rufi. Har wurin da zan dasa wa Inna lalle na ware.

A shekarar ce hukuma ta yi shela cewa daga yau babu bawa a ƙasar nan.

Na san Faraj kafin wannan. Bawa ne a gidan wani attajiri a tsohon gari, inda na taɓa yin yaɓe. Ina kan tsani na zagi wani lebura da Hausa, sai na ji wani ƙato mai ɗauke da garwar ruwa ya tuntsire da dariya. Ashe namu ne. A Sawakin aka raba shi da uwarsa yana ɗan ƙarami, aka sa masa Faraj, Hausar ta zube ba abin da ya rage sai 'yan kalmomi: ruwa, tuwo, wayyo, da zagin nan da na yi. Bayan shelar da 'yan makonni sai ga shi a ƙofarmu da ƙullin kaya a hammata, yana tsaye kamar wanda aka aiko ya manta saƙon. Inna ta ji labarinsa, ta fashe da kuka, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Wannan ɗan wata ne da ta kasa riƙewa," in ji ta. "Ni zan riƙe mata."

Daga ranar tsokar da ta fi girma a miya ta daina zuwa gabana. Lokacin tausayinsa nake ji, kuma in gaya muku gaskiya tausayin yana yi mini daɗi. Mutum ne ya girme ni, amma bai san yadda ake zaman kai ba. Da safe sai ya tsaya jiran a ba shi umarni. In zai je masallaci sai ya nemi izini wurin Rakiya, ita kuma kunya ta kama ta. Na ɗauke shi lebura, na biya shi ladan yini, ya riƙe kuɗin a tafin hannu yana tambayata wa zai kai wa. Kasuwa kuwa, duk abin da mai kaya ya faɗa shi zai miƙa. Ni na zaunar da shi na koya masa ciniki: ka ɓata fuska, ka ce ya yi tsada, ka juya kamar za ka tafi. Da yawa daga cikin waɗanda aka 'yanta tare da shi ba su yi nisa ba suka koma gidajen iyayen gijinsu, don 'yanci ba ya cika ciki. Ba dangi, ba sana'a, ba mai ba su hayar ɗaki sai da wanda zai tsaya musu, ba mai ba su 'yarsa. Faraj ya taɓa zuwa wani fili ya fara jera duwatsu, wani mutum ya fito ya tambaye shi wane gida ne ya aiko shi, ya ce ba kowa, na kaina ne, mutumin ya yi dariya ya sa yara suka watsar. Ɗan tsohon ubangidansa ma ya tare shi a hanya ya ce masa kada ya wahalar da kansa, duk abin da ya tara in ya mutu ba ɗa gidansu zai dawo. Ya dawo ranar bai ci abinci ba.

Sai tabi'iyyarsa ta fito. Duk wanda aka 'yanta an rubuta shi ɗan ƙasa. Muna cin abincin rana a inuwar wani gini, ya zaro ɗan littafin daga aljihu ya miƙo mini.

"Ya Mu'allim, me ake yi da wannan?"

Na goge hannuna a riga kafin in karɓa. Ga hotonsa, da kunnuwan nan nasa a buɗe, ga hatimi. Me ake yi da wannan! Ni da aka goyo ni ɗa, ɗan 'ya'ya, na san sunan kakana da na garinmu, na haddace lungunan Jidda, ba ni da ikon cewa taki ɗaya nawa ne. Shi da jiya-jiya ake lissafa shi tare da tabarmi da tukwanen gida, yau duk filin da ke kudu da Nuzla a buɗe yake gare shi. Daga ranar komai nasa ya fara ba ni haushi: yadda yake tauna, yadda yake yi wa Inna sannu da gurguwar Hausarsa tana dariya, har yadda yake barci ba ya juyi.

Ana cikin haka wani dillali da muke kira Abu Shanab saboda gashin bakinsa ya ja ni gefe a gidan shayi. Ya ce har yanzu ana rubuta bayin da aka makara ba a kawo ba, kuma duk wanda ya kawo bawa hukuma tana biyansa diyya. Akwai wani mutum da yake neman baƙaƙe irina ya ce nasa ne. Shi ya karɓi diyya, ni in karɓi tabi'iyya.

"Iƙamar taka ɓacewa za ta yi, halas. Suna sabo. Ka tsaya gaban kwamiti ka ce kai bawan wane ne, shi ke nan. Kai da ka sha rana a kan katangar nan, ya Mu'allim, kalma ɗaya za ta gagare ka?"

Ba ta gagare ni ba. Na amsa masa. Ya ce in zo da safe da tsohuwar riga, ba takalmi, kada in yi aski. Na gaya wa Rakiya a asirce, na manta bangon ɗakinmu langa-langa ne.

Da gari ya waye na sa rigar da nake kwaɓa siminti da ita, na nufi ƙofa. Inna tana zaune a bakin ƙofar, ta miƙe ƙafafunta daga wannan dogari zuwa wancan. Faraj yana gefe yana hura gawayin shayi.

"Inna, a ba ni hanya."

"Ga hanya nan. Tsallake."

Ta san ba zan tsallake ƙafar uwata ba ko gidan yana cin wuta. Na durƙusa na fara yi mata bayani. Na ce magana ce ta baki kawai, Allah ya san gaskiya. Na ce don jikanta ne da ke ciki. Na ce ita ce ta mayar da mutanen umda, yau ga shi muna biya. Wannan ta ƙarshen ta shige ta, na gani a fuskarta, amma ba ta janye ƙafa ba.

"Na ji. To idan ka je, za su tambaye ka yadda aka yi ka zama bawa. Wa ya sayar da kai? Sai ka faɗi sunana, Adamu. Ka faɗe shi da kyau yadda mai rubutu zai ji. Ka ce Gambo ce, a Sawakin."

Na ce ba wanda zai yi wannan tambaya. Sai Faraj ya yi magana, bai ɗago kai daga gawayin ba.

"Suna tambaya, ya Mu'allim. Ni sun tambaye ni. Na ce ban sani ba." Ya ƙara hura wutar. "Na sani."

Na koma ciki na tuɓe rigar. Abu Shanab ya sami wani, kuma wanin nan 'ya'yansa yau suna unguwar Safa da motocinsu. Game da Faraj kuwa, na ji tausayinsa har azahar. Da la'asar na je na tsaya a cikin katangata, ƙyashin ya dawo ya same ni a can.

Bayan an haifi babbanku sai labari ya zo cewa ma'aikatan hukuma sun fara bin filayen kudu da jan fenti. Katangar da ba kowa a ciki, ko wadda baƙo ya gina, a shafa mata ja, mota ta zo ta ture. Wadda aka tarar da ɗan ƙasa a ciki, da rufi, da randar ruwa, da murhu mai toka, a bar shi ya je kotu ya kawo shaidu. Ba sai an yi dogon tunani ba. Ni ina da katanga ba takarda, Faraj yana da takarda ba katanga. Abin da mutane suke yi shi ne a ari sunan ɗan ƙasa a rubuta, a ba shi ɗan wani abu, fili ya ci gaba da zama na mai shi a tsakaninsu. Na same shi a zaure da wannan magana, ina ganin alfarma ma nake yi masa.

"La, ya Mu'allim. Ba na so."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Tun ina yaro nake riƙe kayan mutane. Makullin sito a hannuna, sito ba nawa ba. In sunana ya shiga takardar nan, wurin nawa ne, na gaske. Zan biya ka bulonka da guminka, ko zai kai shekara nawa. Kai da Inna ku zauna a ciki iyakar ranku. In ba haka ba, ma'alesh, a rushe."

Ya ɓata fuska, ya tashi, ya juya kamar zai fita. Wallahi yadda na koya masa, ba ragi. Da a kan kilon tumatir ne da na yi masa tafi.

Na kwana biyu ba na yi masa magana. Na zagaya wurin 'yan ƙasar da na sani, kowa ya ce zai ari sunansa, amma a idonsu na ga ranar da za su manta da ni. Jan fentin kuma yana matsowa. Na auna: ko in tsaya ina kallo a ture abin da na gina, ko in bar shi a tsaye a hannun wani. Magini ba ya iya kallon aikinsa a ƙasa. Na amince, a gaban Inna da liman, na ce na sayar masa da gini, fili kuwa dama ba nawa ba ne balle in sayar. Ku karanta wannan layin sau biyu. Ya kuma biya ni, a hankali, bayan ya sami aiki a tashar jiragen ruwa, aikin da ba a ba baƙo. Ba na bin Faraj ko bulo ɗaya.

Shaidu ma sai da aka sha fama. Dattawan da suke da tabi'iyya ba mai son a gan shi a kotu yana tsaya wa wanda aka 'yanta. Inna ce ta yafa mayafi ta bi biyu daga cikinsu har gida, waɗanda suka hau jirgi ɗaya da ita, ta tuna musu abin da suka gani a bakin teku da abin da suka kau da kai a kansa. Suka zo. Ni kuma na rufa ɗakin, na kai randa, na haɗa murhu, na ƙona itace a ciki don a tarar da toka.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Faraj ya auri wata bazawara mutuniyar kirki, ya haifi waɗanda kuka yi wa ta'aziyya, ya ɗora bene. Inna ta koma can, a ɗakin kusurwar nan ta rasu, yana yi mata fifita. Ya roƙe ni in dawo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ban taɓa kwana a gidan ba. Shi ya sa kuka girma a haya, kuna ɗaukar katifa daga wannan lungu zuwa wancan. Idan kuna neman wanda za ku kai ƙara, ga ni.

Amma ranar da ma'aikatan suka iso ita nake so ku gani. Da hantsi ne. Faraj yana tsaye a ƙofa da farar riga wadda Rakiya ta goge masa, ni ina ciki ina ƙarasa yaɓen bango. Babbansu ya karɓi littafin Faraj ya duba, ya leƙa randa, ya taɓa tokar murhu da takalminsa. Sannan ya bi katangar da ido tun daga wannan kusurwa har waccan, ya ce aiki mai kyau. Ya juyo gare ni.

"Kai fa? Mene ne naka a nan?"

Kalma ɗaya ta kuskure, fenti yana hannun na bayansa.

"Ni lebura ne. Shi ya ɗauke ni aiki."

Mutumin ya kalli Faraj, ya kalle ni, kamar bai gamsu ba. Sai Faraj ya ɗaga murya, muryar da ban taɓa jin yana da ita ba.

"Yalla, me ka tsaya yi? Siminti yana bushewa!"

Na sunkuya na ɗauki cebur. Ina kwaɓa suna awo, ina ji ana kiran tsawon kowane bango da na san shi fiye da yatsuna, ana rubutawa a ƙarƙashin sunansa. Da suka tafi ya zo zai kama hannuna, idonsa ya cika da ƙwalla. Na ce masa hannuna da siminti.

Da yamma na koma Nuzla. Inna tana zaune a tsakar gida da babbanku a cinya, tana jirana.

"An bar ta?"

"An bar ta."

"Me ka ce musu?"

Na gaya mata. Ta jijjiga yaron, sannan ta gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi. Wannan ba komai. Lebura ai in rana ta faɗi yana ajiye cebur ya tafi gidansa."

"Wane gidan, Inna?"

Matar nan da ba a taɓa rufe mata baki ba tun daga ƙasar Hausa har Jidda, ta sunkuyar da kai tana gyara wa yaron hula.